Hannun Jari Ba Tumatir Ba Ne

Goggo mai fili,

Ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kada ta wuce mako guda, domin ranar Asabar ta sama ina da zama da mutanen gidana, ban kuwa san da wace fuska zan zauna ba. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Ni ɗan kasuwa ne, in abu ya dame ni sai in shiga ciniki har ya wuce. Wannan ya ƙi wucewa.

Dillalin kayan gwari ne ni, shekara ashirin da takwas ke nan. Tumatir, tattasai, attaruhu, albasa. Motoci su sauke da sassafe, kafin hantsi na raba wa 'yan sari na karɓi la'adata. Ba yabon kai ba, in na ɗaga ganyen da aka rufe kwando da shi na shaƙa sau ɗaya, zan gaya miki ko kayan zai kai la'asar. A sana'armu doka ɗaya ce: kaya ba ya jiran mai shi. Da ka ga farashi ya fara sauka, karyar ka huta. Wanda ya yi taurin kai ya ce bari mu ga azahar, kwantai zai kwasa, ƙarshenta ya biya masu shara su zubar masa. Na ga manyan mutane sun tsiyace a kan “bari mu gani”. Da wannan dokar na gina gida, da ita nake ci da iyali, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba sai a wannan abin da zan gaya miki.

Ina da suruki, ƙanin matata. Aikinsa ajiye fayil a wani asibiti, a wani ɗaki mai taga ɗaya can bayan ɗakin magani, daga shi sai kantoci. Tun da na san shi a kan kujera ɗaya yake. Takalmi ɗaya yake sawa sai ya mutu murus, abincin rana daga gida yake ɗauko shi a ɗan kwano, babur ɗinsa kuwa tun daga bakin layi yake sanar da zuwansa. Hawainiya nake ce masa, ko a gaban idonsa, shi kuma sai ya yi murmushi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mutum ne da bai taɓa sayen abu da safe ya sayar da yamma ba a rayuwarsa. Irin wannan ne ya zo gidana shekara goma da suka wuce, da takardu a leda, wai zai koya mana yadda ake juya kuɗi.

Wai asusun indeks. Da na ce ya yi mini Hausa, sai ya ce asusu ne da ke sayen ɗan guntun hannun jari a dukan manyan kamfanonin da ke kasuwa, ba ya zaɓen wannan ya bar wancan. Babu wani gwani da ke zaune yana zaɓe, shi ya sa la'adar da ake cira 'yar mitsitsiya ce. Kai dai ka riƙa zuba abin da ya sauwaƙa duk wata, ka manta da shi shekara goma ko ashirin. Goggo, na yi dariya har sai da na riƙe ciki. A sayi mota guda ta kaya ba a buɗe ko kwando ɗaya ba, mai kyau da ruɓaɓɓe duk a haɗa, sannan a je a kwanta? Na ce masa wannan haɗin gambiza ne, sana'ar ragwaye, an yi ta ne musamman don irinsa. Batun ƙaramar la'ada kuwa, na ce dillalin da ba ya cin la'ada ba aiki yake yi ba, kuma araha ba ta ado. Ya saurare ni har na gama, ya gyara tabarau, ya mayar da takardunsa leda.

Amma ya riga ya shawo kan yayarsa. Matata malamar firamare ce, aji uku take koyarwa, mace mai haƙuri har ya yi yawa, kuma in ƙanin nan nata ya ce ruwa na gudu sama za ta ce ta gani. A rana ɗaya aka buɗe asusu biyu iri ɗaya. Ɗaya nata ne na tsufa, daga albashinta. Ɗayan na karatun yaranmu uku ne, ni da ita muke haɗa abin da ake zubawa, kuma daidai yake da abin da take zubawa a nata. Na yaran da sunana aka buɗe, tun da ni ne maigida. Na yarda ne kawai don a zauna lafiya. Shekara shida banki yana cirewa yana turawa, ban taɓa ko waiwaya ba, don a ganina kuɗin an riga an yi musu salla.

Wayar hannu ce ta jawo mini. Shekara huɗu da suka wuce kamfanin da ke riƙe da asusun ya fito da manhaja, aka sa mini, na buɗe don in ga abin da zan tsokani Hawainiya da shi. Sai na tarar kuɗin sun yi girman da ban zata ba. Ban gaya wa kowa ba, amma raina ya biya. Daga ranar abin ya zame mini jiki. Duk safiya in na tambayi farashin tumatir da albasa, sai in jingina da ginshiƙin rumfa in buɗe waya in ga layin da ke nuna farashin asusun, kore ne ya hau ko ja ne ya sauka. Na ce a raina, in har rago ya samu wannan yana barci, ina ga wanda ya san kasuwa yana farke.

Wata safiya na ga ja. Washegari ja. Mako bai cika ba kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Goggo, hannuna ne ya gane abin kafin kaina. Na danna na sayar da duka, ina tsaye tsakanin kwanduna, kamar yadda zan karyar da tumatirin da ya fara ruwa. Farashin ya ci gaba da sauka har mako biyu, ni kuwa ina yawo ina jin kaina. A lokacin suruki ya zo gaishe mu, ina kallonsa yana shan shayi hankali kwance, ina tausayinsa, ina cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai abin ya juya ya fara hawa. Ya kai inda na sayar, ya wuce. Na ce zai sauko, ai duk abin da ya hau da safe motoci na ƙaruwa sai ya sauko. Na jira wata biyar bai sauko ba. Na saya da tsada, ina tsaki.

Na rantse ba zan ƙara ba. Bayan shekara guda ya sake yin ja, na sake sayarwa, ya sake barina a baya, na sake saye da tsada. A nan na yanke cewa laifin asusun ne, tun da ba shi da direba. Wani abokin cinikina mai kai wa otal-otal kaya ya haɗa ni da wani ƙwararre a harkar hannun jari. Ofishinsa a saman bene, sanyi kamar cikin firji, kafet mai nutsar da ƙafa, allon kwamfuta uku a gabansa. Ya ce shi zaɓe yake yi, yana shiga kafin kowa ya fita kafin kowa, kuma ya yi dariyar asusun indeks irin wadda na yi. Nan take na ji na samu ɗan'uwa. La'adarsa babba ce, wannan ma ya ƙara kwantar mini da hankali, na ce ga mutumin da ya san darajar aikinsa. Wata goma sha takwas kuɗin suna hannunsa. Duk zaɓen da ya yi sai ya zo da dogon bayani a kan abin da ya sa bai yi ba, la'adar kuwa ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba. Wata uku da suka wuce na kwashe abin da ya saura na ajiye a banki. Bai kai rabin abin da ke asusun matata ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ita matata sau ɗaya take duba nata a shekara, ranar da aka turo rahoto. Tun da ta san asusun biyu tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su, abu ɗaya ake zuba musu, duk abin da ta gani a nata shi take ɗauka yana cikin na yara. Sai ta ɗago ta ce to, na yara ma ya kai haka ke nan, ta gode wa Allah. Ni kuma in ce uhm. Shekara uku ke nan ina cewa uhm.

Babbar 'yarmu shekararta goma sha biyar. Ilimin harhaɗa magunguna take so ta karanta, ba ta da wani zance sai shi. Ko maganin tari aka sayo gidan nan sai ta zaro takardar da ke cikin kwalin ta karance ta tas, ta gaya mana wanda bai kamata a sha da madara ba. Ita ce ta ɗaya a ajinsu tun da ta shiga sakandare. Ran nan na ji tana gaya wa ƙawarta a tsakar gida cewa ita ba ta da fargabar kuɗin jami'a, babanta ya ajiye mata tun tana 'yar shekara biyar. Ina ɗaki na ji, sai na kasa fitowa har ƙawar ta tafi.

Yanzu Hawainiya ya zo da sabuwar fatawa. Wai tun da saura shekara uku yarinyar ta shiga jami'a, lokaci ya yi da za a fara janye kasonta daga asusun a mayar da shi inda ba ya hawa da sauka. Matata ta amince, kamar yadda ta saba. An sa ranar Asabar ta sama, zai zo bayan azahar, a zauna a falo, in kawo wayata a buɗe a gani.

To, ni ina da mafita, kuma a fagena take, ba a fagen masu tabarau ba. Albasa ta faɗi warwas a yanzu. In na saya da yawa na ajiye wata biyar, na san abin da za ta zama, na sha ganin wanda ya ninka kuɗinsa a kaka guda. Jarina na kullum ba zan iya taɓa shi ba, da shi ake sauke mota. Amma in matata ta sayar da nata asusun ta ba ni, zan cike ramin nan kafin kowa ya leƙa, in mayar mata da nata har da ƙari. Zaman Asabar kuwa in ce tafiya ta taso mini, a ɗaga. Dalilin da zan ba ta ma yana nan, domin kasuwar ta sake yin ja a 'yan kwanakin nan.

Shekaranjiya na gwada ta. Tana zaune a kan tabarma da tulin littattafan 'yan aji uku da jan biro. Na nuna mata jan layin, na yi mata bayani kamar yadda zan yi wa ɗan sari, na ce a fita tun da sauran dama. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Baban yara, kuɗin nan ba na yau ba ne, bar su su yi barcinsu. Kai ma ai ka bar na yara sun yi nasu, ga shi ba mu yi nadama ba.” Ta ci gaba da maki.

Goggo, maganar nan ta tsaya mini a rai, amma ban canja ra'ayi ba. Har yanzu ina ganin abin nan sana'ar ragwaye ce, sa'a ce kawai ta bi ta kansu. Ki ba ni kalmomin da zan shawo kanta da su, ke da kika san halin mata. Kuma ki gaya mini gaskiya, ya dace mutum kamar ni, wanda ake tashi a ba shi kujera a kasuwa, ya zauna gaban mai ajiye fayil yana latsa masa waya yana gyara tabarau? Da zai zage ni ma da sauƙi. Na san shi, ba zai yi ba. Cewa zai yi ba komai Yaya, a fara daga inda ake. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Naki,
Dillalin gwari


Malam dillali,

Kalmomin da ka nema ba zan ba ka ba. Ka ci amanar asusu ɗaya a ɓoye, yanzu kana so in ara maka baki ka ci ta biyu. Kuɗin tsufan matarka guminta ne, shekara goma tana tsaye gaban allo tana fama da 'yan aji uku. Karɓarsu da dalilin ƙarya sunansa yaudara, ko da albasar ta ninka sau uku. Na faɗi wannan da farko ne don kada ka ɓata lokaci kana neman sa a ƙasan shafi.

Ban raina sana'arka ba. Mutumin da zai shaƙi kwando ya san ko zai kai la'asar ya san abin da ni ban sani ba, kuma dokarku gaskiya ce a rumfarku. Tumatir yana da agogo a cikinsa, duk sa'ar da ta wuce yana mutuwa, don haka mai saurin karyarwa shi ne mai hankali. Kuskurenka shi ne ka ɗauki hancin nan ka kai shi inda babu abin shaƙa. Abin da ke cikin asusun nan guntayen kamfanoni ne masu yin sabulu da siminti da magani. Ranar da layin ya yi ja ba su ruɓe ba, ma'aikatansu sun je aiki, mutane sun sayi sabulu. Jan da ka gani tayin da masu tsoro suka yi ne a ranar. Matarka ta ƙi tayin, ko da yake ba ta ma san an yi ba. Kai ka karɓa, har sau biyu, kuma sau biyu ka koma ka sayi kayanka da tsada daga hannun wanda ka karyar wa. In wani ɗan sari ya yi haka a gabanka, na san sunan da za ka sa masa, kuma ya fi Hawainiya muni.

Batun ƙwararren saman bene kuwa, a nan ne na yi tsaki. Kai fa dillali ne. Duk garin nan babu wanda ya kamata ya fi ka sanin la'ada. Taka sau ɗaya kake cinta a kan kwando, in an sayar. Tasa duk shekara ake cirarta daga uwar kuɗin gaba ɗaya, an ci riba ko an faɗi, kuma abin da aka cira bana ba zai haifi komai baɗi ba. Ka shiga ofis, sanyi ya buge ka, ƙafarka ta nutse a kafet, ba ka tambayi kanka wa ke biyan kuɗin sanyin ba. Kai ne. Ba zaɓensa ka saya ba, dariyar da ya taya ka ka saya, kuma ka biya ta da kuɗin karatun 'yarka. Akwai masu zaɓe na gaskiya, ban ce babu ba, amma gane su tun kafin a ga ƙarshensu yana da wuya ƙwarai, tsadar la'ada kuwa ba shaida ba ce.

Yanzu bari in ba ka naka, don kana da shi. Tsoronka ba hauka ba ne. Asusun nan yana faɗuwa da gaske, wani lokaci ya daɗe a ƙasa shekaru, kuma babu mai iya yi maka rantsuwa cewa abin da ya faru a shekara goman da suka wuce shi zai sake faruwa. Duk wanda ya ce maka ba a asara a ciki, ka riƙe aljihunka. Shi ya sa kuɗin da za a buƙata nan kusa ba a barin su a can. Ka lura kuwa, wannan ita ce maganar da surukinka ya zo da ita. Yana cewa a fitar da kason yarinyar kafin lokacin buƙata ya matso. Dokarka ce ta kada a bar kaya ya kwana, sai dai shi ya san kayan da ta shafa da ranar da ta shafe su. Mutumin da kake kira rago ya yi shekara goma yana yin abu mafi wuya a harkar kuɗi, wato ya ga ja ya bar hannunsa a aljihu. Kai ka gwada, mako guda ya gagare ka.

Albasa kuma, kai za ka koya mini, amma a wasiƙarka shekarar da aka ninka kawai ka ambata. Ba ka ambaci shekarar da zafi ko danshi ya shiga rumbu ba, ko wadda kowa ya ajiye aka fito da ita rana ɗaya. Ka san su, ka ga waɗanda suka kwanta a kansu. Mai neman cike rami cikin gaggawa shi ne mafi munin mai saye, domin ba farashi yake gani ba, ranar Asabar yake gani. Garin neman gira kada ka rasa ido. In kana da yaƙini a kan albasar, ka gwada da abin da ka mallaka kai kaɗai, gwargwadon abin da in ya tafi ba za a daina sauke mota ba.

Ga abin da nake ganin za ka yi. Kada ka ɗaga zaman Asabar, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ka kusa kai ƙarshensa. Amma kada ka bari matarka ta fara jin labarin a falo gaban ƙaninta, wannan zai zama wulaƙanci na biyu. Kafin ranar, ka dawo daga kasuwa da wuri, ku keɓe ku biyu. Ka buɗe wayar ka miƙa mata, ka faɗi komai daga sayarwar farko har zuwa saman bene, har da niyyar da ka yi a kan nata asusun. Kada ka ɗora wa ƙwararren, kada ka ɗora wa manhaja, babu wanda ya kama maka yatsa. Za ta yi fushi, kuma ina zaton ba kuɗin ne za su fi yi mata ciwo ba, shekara ukun nan ne da take gode wa Allah a gabanka kana amsawa. Ka bar ta ta yi fushinta, hakkinta ne, kada ka tsaya ciniki a kansa.

Abin da ya saura a banki ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a makara ba. Ku raba shi. Kason babbar ya zauna inda ba ya girgiza, tun da shekara uku kamar gobe ne. Na ƙannenta, da yake suna da sauran tafiya, ya koma asusun mai ƙaramar la'ada, a ci gaba da zubawa duk wata, bayan kun tabbatar kamfanin yana da lasisin hukuma. In zuciyarku tana da tambaya a kan halaccin wasu kamfanonin da ke ciki, akwai irin waɗannan asusun da ake tacewa don haka, ku tambayi malamin da ya san harkar. A sa sunan matarka tare da naka, lambar sirri ta zauna a hannunta, manhajar kuma ka goge ta daga wayarka da zarar an tashi daga zaman Asabar. Ba don kai mugu ba ne, don hannunka ya saba, kuma shekara ashirin da takwas ba sa fita daga yatsa da alkawari.

Giɓin kuwa kai za ka cike shi, da abin da ka iya. Ka yanke wani abu daga la'adarka ta kullum, ka ware shi kafin ka kai hannu aljihu, kwana bayan kwana har shekara uku. Mai yiwuwa ba zai cike duka ba, amma zai kai yarinyar ƙofar jami'a, sauran a nema a hanya kamar yadda iyaye ke yi. In matarka ta ga dama wata rana ta taimaka daga nata, da idonta a buɗe, wannan kyautarta ce. Kai dai kada ka roƙa.

Ka tambaye ni ko ya dace ka zauna gaban mai ajiye fayil. Ya dace, har ka tashi ka ba shi kujera. In ya ce ba komai Yaya, a fara daga inda ake, ka sani ba gori yake maka ba, shawara ce, kuma ita ce mafi kyau da za ka samu kyauta a wannan makon. Ka amsa masa da na gode, ka kira shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Girman da kake tsoron zubarwa a falo na rana ɗaya ne, 'yan kasuwa ma ba za su ji ba. Yarinyar nan kuwa tana yawo tana gaya wa ƙawayenta babanta ya ajiye mata, kuma har yanzu kana da shekara uku da za ka mayar da maganarta gaskiya.

Ka faɗa wa matarka da bakinka kafin waya ta riga ka. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar yin haka, ya sanyaya tata, ya sa albarka a cinikinka, ya nuna mana ranar da yarinyar za ta karɓi takardar shaidarta kana tsaye a wurin ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Goggo